Kwantaccen Cikin Furera

Gyadi-Gyadi, Kano
6 ga Yuli

Yaya Abdurrahman,

"Taɓa ki ji, 'yar boko. Sa hannunki nan. A'a, ƙasa kaɗan. To, wannan ma za ki ce sai an kawo miki takarda?"

Gwaggo Gambo ke nan, mahaifiyarka, jiya da la'asar, bayan ta damƙe hannuna ta ɗora a kan cikin matarka. Na fara maka daga tsakiyar zance ne don tun jiya muryarta ba ta bar kunnena ba. Bari in koma in yi yadda aka koya mana. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da janaretocin da kake jinya a can mahaƙar zinare. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, layinmu ya koma kogi kamar kowace shekara. Gwaggo tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai. Babana yana gaishe ka, ya ce zinaren da ake ta jin labarinsa har yanzu ko ƙurarsa bai gani ba.

Zan ɗauki hoton takardar nan in tura wa Inuwa direba a Agadas, kamar yadda ka ce a riƙa yi tunda babu sabis a wajenku, shi kuma ya kai maka wayarsa in ya hau da tankar ruwa. Ina fata karatun bokonsa bai yi nisa ba.

Ga abin da na tarar a gidanku na Babban Giji. Kowa fara'a yake yi. Cikin Furera ya fito, har zani ba ya haɗuwa sai ta ɗaura shi can sama. Gwaggo ta ce cikin nan ne da ya shiga dab da tafiyarka, wanda aka ga ɗan jini aka ɗauka ya zube. Ashe, in ji ta, kwanciya ya yi, yanzu kuma Allah ya tashe shi. Har ta fara yi wa maƙwabta gori. Shekara goma sha huɗu ana jira, ba zan ce ban gane daɗin da take ji ba.

Na taɓa, tunda an ce in taɓa. Ni ba likita ba ce, ka sani, aikina a asibiti lissafi ne da tsofaffin fayil. Amma ina da ido. An kawo wa Furera dambu, ta yi loma uku ta ce ta ƙoshi. Awarwaron da ka saya mata yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Sau uku ta zaga bayi kafin a kira magariba. Mai juna biyu fuskarta cika take yi, ta Furera kuwa ta zube, idanun sun faɗa. Cikin kuma da na danna, wani abu na ji yana kai-komo kamar ruwa a salka.

Na ce a je a yi hoton ciki. Gwaggo ta ce hoto yana firgita cikin da bai daɗe da farkawa ba, ya sake komawa barci. Da ta tashi alwala na tambayi Furera ita kaɗai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Naja, in na je awo, abin da za su fara tambaya yaushe rabona da al'ada, na biyu ina maigidan. In ce musu me? A gaban layin mata?" Na ce ba awo za mu ba, likita za mu gani a ɗaki mai ƙofa. Ta ce, "In Malam ya ce in je, zan je."

To Malam, ga ni gare ka. Wata goma sha tara rabonka da Kano. Kai makanike ne, ka iya lissafi, ba sai taubashiyarka ta koya maka ƙirga watanni ba. Abin da ke cikin Furera ya kamata a san ko mene ne, kuma da wuri. Layi ɗaya nake so da rubutun hannunka: ka yarda ta je.

Taubashiyarka,
Naja'atu

*

Mahaƙa, arewa da Agadas
25 ga Yuli

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdu lillahi, ban da zafin nan da ke narkar da takalmi. Ki gaida Baba. Ki gaida Inna in har kina da fuskar komawa gidan.

Takardarki ta same ni shekaranjiya. A tsaye na karanta ta, a wayar wani ƙato, yana riƙe da ita yana kallon fuskata. Ban san ko ya karanta ba, kuma ban iya tambayarsa ba.

Wasan taubasai na san shi. Babanki da Inna 'ya'yan wa da ƙane ne, shi ya ba ki lasisi tun muna yara. Kin ce min baƙi, kin ce min mai warin gas, kin ce ɗakina ya fi garejina datti, ban taɓa jin haushi ba. Amma ban san wasan yana kaiwa har shimfiɗar mutum ba. "Ka iya lissafi." Na iya. Na kuma san wadda na aura. Matar da ko zaure ba ta leƙawa sai ta tambaya, ita ce yau ake aiko min da ƙirgen watanninta ta hannun direba.

Baffa Shehu, ƙanen babana, shekara uku ya yi a ciki. Duk Tarauni an sani, ga shi nan da jikokinsa. Malaman da suka karanta fiƙihu ma ba su ƙaryata irin wannan ba. Ke ce da kika yi digiri biyu kike ganin duk abin da ba ya cikin littafinki babu shi a duniya.

Na samu wayar tauraron ɗan'adam ta minti biyu na yi magana da Furera kafin layin ya katse. Ta ce min yana motsi. Kin san shekara nawa nake jiran in ji wannan?

Ban yarda ta taka asibitinku ba, inda za a zaunar da ita ana ƙirga mata watanni kamar yadda kika ƙirga min. Na faɗa mata haka, na ce ta faɗa wa Inna. In zumunci ne zai kai ki gidan, ki je ki gaishe su. In lissafi ne, ki zauna a ofishinki.

Abdurrahman

*

Gyadi-Gyadi
8 ga Agusta

Yaya Abdurrahman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Babana lafiya, Gwaggo lafiya. Furera ba ta da lafiya, kuma ba zan sa ta cikin jerin nan don gaisuwa ta yi kyau ba.

Takardarka jiya ta shigo wayata. Na karanta, na koma na karanta tawa. Ka yi gaskiya a abu ɗaya: duk wanda ya karanta layin nan a tsaye, a wayar wani, haka zai fahimce shi. Laifina ne. Na saba faɗin magana a karkace don ta fi min sauƙin fita. Ban taɓa zargin Furera ba, Allah ne shaidata. Abin da nake nufi shi ne ba na zaton akwai ɗa a cikin nan ko kaɗan. Ina tsoron ciwon daji ne na gidan ƙwai, 'yan jakunkunan nan biyu da ke gefen mahaifa. Wata guda ya tafi a kan salon maganata, don haka yau a miƙe zan yi ta.

Tun bara aka ba ni aiki in bi fayil ɗin matan da suka zo mana da wannan ciwo cikin shekara goma, in gano wa ta rayu, wa ta rasu, da abin da ya bambanta su. Sai da na fara karanta abin da aka samu a ƙasashen da ke da kayan aiki. A can, shekara hamsin da suka wuce, wajen mace ɗaya cikin uku ce take kai shekara biyar bayan an gano ciwon. Yau kusan rabi ne. An ci gaba, amma a hankali, kuma ba wani maganin mamaki ne ya kawo shi ba. Tiyata ce ta ƙara ƙwarewa, sai kemo, wato maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa ya bi ragowar ciwon. Abin da bai canja ba ko a can shi ne yawancin mata ba sa zuwa sai ya bazu, don ciwo ne mai ladabi. Kumburin ciki, saurin ƙoshi, yawan fitsari. Wace mace ce za ta sauke tukunya a kan wannan?

In an kama shi bai bar inda ya tsiro ba, kusan tara cikin goma suna kai shekara biyar. In ya yi nisa, wajen uku ne cikin goma. Tsakanin tara da uku babu komai sai watanni.

Namu fayil ɗin kuwa ba zan iya ba ka adadi da gaba gaɗi ba, don rukunin da ya fi kowanne yawa shi ne na waɗanda suka daina zuwa. Aikina in kira lambar da ke bayan fayil in tambaya. Kusan kullum lambar namiji ce. Wani ya ce, "Ai ta ji sauƙi bayan kemo na biyu, sai muka ga ba sai an ƙarasa ba." In ce, yanzu fa? Ya ce, "Allah ya yi mata rasuwa da azumin bara." Wani ya ce an kai ta ƙauye a gwada na gida. Wani ya ce wansa ake jira ya dawo daga Legas a yi shawara. Ya dawo, ya samu sadakar uku. Duk cikinsu ban ji mugu ko ɗaya ba. Mutane ne masu ladabi, har addu'a suke yi min don na tuna da matansu.

Waɗanda na samu da ransu, su da kansu suke karɓe wayar daga hannun mijin, kuma labarinsu kusan ɗaya ne. Sun zo da wuri, likita ya kwashe duk abin da ido ke iya gani, ba a jinkirta kemo ba, sun kuma jure sun shanye kemon duka shida. Shekarun mace, da nau'in ciwon, da gado, duk suna da nasu tasirin, amma waɗannan ba a hannunmu suke ba. Lokaci ne kaɗai namu, shi kuma yanzu yana wajenka.

Batun Baffa Shehu ba zan yi musu da kai ba. Ban kasance wurin ba, kai ma haka. In ɗa ne, hoto zai nuna mana shi har da girman kan da ya gada, ni kuma in ɗauki nauyin kayan barka, ka yi min gori har tsufa. Wallahi na fi son haka.

Na je gidan ranar Juma'a. Furera ta ce a ce tana barci. Ta gefen labule na hango ta a zaune, ta jingina da filo biyu. Gwaggo ta ce yanzu haka take kwana, don in ta miƙe numfashi yake yi mata wuya, wai ɗan ne ya hau ƙirji.

Layi ɗaya, Yaya.

Naja'atu

*

Gyadi-Gyadi
23 ga Agusta

Yaya Abdurrahman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Inuwa ma wayarsa a kashe, ina ɗauka yana kan hanya. Kowa yana gaishe ka. Ba zan jira amsa ba, don abubuwa sun faru.

Ka tuna Hajiya Hafsatu ungozoma ta Ƙauyen Alu, wadda ta yanke cibiyarka? Gwaggo ta aika aka ɗauko ta ta duba kwanciyar ɗan, tunda a lissafinta an kusa. Tsohuwar ta sa Furera ta kwanta, ta ɗora tafin hannu a gefe ɗaya, ta ɗan ƙwanƙwasa ɗaya gefen da yatsa. Ta yi haka sau biyu. A ɗakin ta ci goronta, ta yi addu'a. Sai a zaure ta ja Gwaggo gefe ta ce, "Gambo, shekara arba'in ina taɓa ciki. Na ga kwantacce, na ga tasasshe. Wannan babu kai, babu gadon baya. Ruwa ne. Ki kai ta inda ake zuƙe ruwa, kada ki kwana biyu."

Ka ga abin da digiri biyu suka kasa cikin wata ɗaya da rabi, yatsa ɗaya ya yi shi kafin goro ya ƙare. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan.

Ranar Litinin da safe ina shirin fita aiki na ji ana hawa matakala a hankali, ana hutawa. Gwaggo ce, da ƙafar nan tata, har hawa na biyu. Tun da na tare a gidan nan ba ta taɓa zuwa ba, ta ce mace ba ta zama a sama kamar tattabara. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ɗauko mayafinki, Furera tana ƙasa a adaidaita." Na ce Yaya fa ya hana. Ta ce, "Ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

An yi hoton. Furera ta juyar da kai tana kallon allon, tana nema. Ta tambayi mai ɗaukan hoton, "Ina yake?" Shi kuma ya kalle ni. Ni na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ja rigarta ta rufe cikin, ta ce a miƙo mata takalmi. Gwaggo ce ta yi, a baranda, ta juya wa mutane baya.

Ga abin da aka samu, ka karanta a zaune. Akwai ƙari a gidan ƙwai na dama, da ruwa mai yawa. An zuƙe kusan lita uku, ranar ta ci tuwo ta kuma yi barci a miƙe. Gwajin jini ya nuna abin da nake tsoro. An yi babban hoto, Dakta Zainab, likitar da za ta yi aikin, ta ce ya fara taɓa kitsen da ke lulluɓe da hanji, amma a yadda take gani za ta iya kwashe shi duka. Wannan "duka" ɗin shi ne abin da na rubuta maka. Ta ce abin da hannu zai iya kwashewa yau, ba ta da tabbacin zai kwasu bayan wata biyu. An sa sunanta a tiyatar 10 ga Satumba. Za a cire gidan ƙwai duka biyun, da mahaifa.

Na san abin da kalmar ƙarshen nan take nufi a gidanku. Furera ma ta sani. Ta ce, "Hoto Inna ta isa ta ce a yi. Cire mahaifa kuwa ba na Inna ba ne. Da Malam muka yi jiran nan." Dakta ta gaya mata sa hannunta ita kaɗai ya wadatar. Ni ma na ce doka hannunta take nema, ba naka ba. Ta ce ita ba doka ce ta aure ta ba.

Kwana goma sha takwas ne. Na ƙirga maka da kaina wannan karon, kada a samu kuskure. Ka nemi wayar tauraron nan ko ta wane hali.

Naja'atu

*

Mahaƙa
19 ga Agusta

Naja,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaida Baba da kowa.

Takardarki ta 8 ga wata ta iso. Na roƙi Inuwa ya bar min wayar har na kwafe ta a littafin da nake rubuta awannin janareta. Ki yafe min abin da na rubuta miki.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da Inna ta yi min albishir, ni ma na ƙirga. Abu biyu na gani a gabana, ko in yarda ya kwanta, ko in zargi matata. Ban san akwai na uku ba. Na ɗauki wanda zan iya tashi da shi kowace safiya in yi aiki. Da takardarki ta zo, sai na ga kamar ɗayan kike turo min.

Na yarda a yi hoton. Amma hoton kaɗai. Kada a taɓa ta da wuƙa sai na zo na gani da idona. Na san likitoci, kamar mu makanikai suke, in aka kawo mana inji sai mun kwance shi. Zan sauko ƙarshen Oktoba in Allah ya yarda, lokacin wa'adin aikina ya cika.

Wayar tauraron mai ita ya koma da ita Arlit, don haka ki nuna wa Furera wannan ta ga hannuna. Ki ce mata ko mene ne a cikin, ni ita na aura.

Taubashinki,
Abdurrahman

*

Gyadi-Gyadi
10 ga Satumba

Yaya Abdurrahman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ina rubuta wannan da hantsi. Furera tana tiyata, ba a fito da ita ba tukuna, don haka ba ni da labarin lafiyarta da zan ba ka. Ina da labarin yadda aka yi ta shiga, kuma gara ka ji shi daga bakina.

Takardarka ta 19 ga Agusta sai ranar 3 ga wannan wata ta iso. Daga ganin kwanan watan na san ka rubuta ta kafin tawa ta ƙarshe ta same ka. Mun yi saɓani a hanya. Kana ba da izinin hoton da aka riga aka yi, kana hana wuƙar da ba ka san ana bukata ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe riƙe da wayar. Hoto ne, yanke shi ba wuya. In bar "Na yarda", in bar "ni ita na aura", in share tsakiya. Ba wanda zai sani sai Oktoba. Ban yi ba. Ba don tsoronka ba. Cikinta ne za a buɗe, ban ga dalilin da za ta shiga a kan ƙaryata ba.

Na nuna wa Furera, ta karanta sau biyu ta ce shi ke nan. Na ce ya rubuta bai san abin da aka gani ba. Ta ce, "Hannunsa ne ko ba hannunsa ba ne?" Kwana shida na yi ina kiran duk wata lamba da aka ce min tana da alaƙa da Agadas. Na yi magana da mai sayar da taya, da wani malamin makaranta, da wata mata da ta zage ni da Faransanci. Inuwa ya riga ya sake hawa.

Jiya ce ranar da za a ba ta gado. Na je Babban Giji da sassafe ba tare da na san abin da zan ce ba. Ruwan ya fara dawowa, ta koma kan filo biyun. Gwaggo tana bakin ƙofa tana tsince wake, waken da ta tsince tun shekaranjiya.

Furera ce ta fara. Ta ce, "Naja, ban da kwana-kwana. Matan fayil ɗinki masu irin nawa, da suka jira wata biyu, nawa ne suka ɗauki waya?"

Na ce ba ni da adadin da zan rantse a kai. Ta ce in faɗi wanda na tuna. Na ce biyu.

"In an yi gobe fa?"

Na ce ban yi mata alkawarin komai ba. Dama ce kawai, amma ta gobe ta fi ta Oktoba girma, da nisa.

Ta kalli bakin ƙofa. Sannan ta ce, da ƙarfin da Gwaggo za ta ji, "Bai taɓa motsi ba. Ni na ce yana motsi. Kullum da safe Inna sai ta tambaye ni, ga fuskarta, sai in ce e. Har na faɗa wa Malam. Hanjina ne kawai." Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ni ma tambayar ce nake jin daɗinta."

Furera ta juyo gare ni. "In ya dawo ya ce na saɓa masa fa?"

Na ce sai ya same ki a zaune ya yi miki faɗan.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Gwaggo ta ce in faɗa ne da ita za ka fara, kuma ta shirya maka. Ta ture farantin waken ta shiga haɗa kaya.

Da yamma Dakta Zainab ta sake karanta mata takardar da Hausa, layi-layi, ta tsaya a wajen mahaifa ta tambaye ta ko ta gane. Ta ce ta gane tun kafin a karanta. Ta karɓi biro ta rubuta sunanta da ajami, a hankali, har da wasali. Ba wanda ya riƙe mata hannu.

Ta ba ni saƙo, ga shi yadda ta faɗa: "Ki ce masa ba raini ba ne. Ki ce layin ƙarshe na bi, na bar na tsakiya. Ya zo a Oktoban, kada ya sayo kayan jarirai. Ya zo da dabino, an ce kemo yana sa ɗacin baki."

Nawa saƙon gajere ne. In kana neman wanda za ka yi fushi da shi, ga ni, na saba. Amma ka zo da shiri. Bayan tiyata akwai kemo shida, duk bayan mako uku, gashinta zai zube, kuma wajen na biyu ko na uku za ta ji sauƙi har kowa ya ce ya isa. Ranar nake bukatarka. Kai za ka ce bai isa ba.

Yau da ƙarfe takwas Sista Rifkatu, nas ɗin ɗakinsu, ta zo da gadon turawa. Ta ce, "Amarya, hau mu tafi, yau ke ce ta farko, ba a sa likita jira." Furera ta ce rabonta da a kira ta amarya har ta manta, a ƙara faɗa. Muka bi su doguwar barandar nan, Gwaggo tana ɗingishi tana ƙin a riƙe ta. A bakin tiyata akwai jan layi a ƙasa. Sista ta ce iyakarmu ke nan. Gwaggo ta yi tofi a tafinta ta shafa mata a goshi. Furera ta cire 'yan kunnenta ta zuba min a hannu, ta ce kada in sa, ta san halina.

Suka tura ta ciki. Gwaggo ta shimfiɗa dardumarta a jikin bango ta ce ita ba inda za ta. Ni kuma an ce ana iya neman ƙarin jini leda ɗaya, kuma irin jininmu ɗaya da ita. Na tsaya har ƙofar ta daina lilo ta rufe, sannan na juya na tafi.

Taubashiyarka,
Naja'atu